"An Yi Editin" – To, Wane Daga Ciki?

Kwanakin baya wata ƙanwata marubuciya ta aiko mini da sabon littafinta kafin ya shiga kasuwa, wai in duba in sa albarka. Saƙon da ta haɗo da shi gajere ne: "Yaya, ba sai ka wahalar da kanka ba, an riga an yi editin." Na ce to madalla, na haɗa shayi na gyara zama. Ban kai shafi na talatin ba sai da na ture kofin na ɗauko jan biro.

Jarumin da aka fara da shi yana Kabiru, a babi na huɗu ya koma Kamalu, ba tare da an yanka rago ba. Uwar yarinyar da aka yi wa sadakar bakwai a babi na biyu, sai ga ta a babi na tara tana karɓar lefe. Can kuma na ci karo da wata jimla wadda har yau ban gama warware ta ba: "Da ya ga ta yi fushi sai ya bata." Ya ba ta abin da take nema ne, ko ɓacewa ya yi? Allah masani.

Na kira ta na ce, "Wa ya yi miki editin ɗin nan?" Ta ce yaron da ya buga mata a kwamfuta. Da na bincika, abin da yaron ya yi shi ne ya daidaita girman haruffa, ya sa lambar shafi, ya jera babi-babi, ya ƙawata bango. Kuma fa ba ƙarya ya yi mata ba. Aiki ya yi, an biya shi. Matsalar ita ce aiki ɗaya ya yi daga cikin biyar, amma sunan da aka ba aikin nasa ya haɗiye sauran huɗun.

Wannan ita ce maganata a wannan wata. Mun ari kalma ɗaya daga Turanci, "editin", mun ɗora mata kayan da masu harshen suka raba wa kalmomi da dama. Ba don burga suka raba ba. Kowace kalma sunan wani aiki ne, mai yin sa daban, lokacin yin sa daban. Da muka dunƙule sunayen, sai ayyukan suka ɓace mana, a littafi da fim baki ɗaya.

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mai karatu, ba don mu koyi Turanci ba, sai don mu ga abin da muke tsallakewa.

Ta farko ita ce "revise". Asalinta daga harshen Latin ne, ma'anarta a sake kallo. Wannan aikin marubuci ne da kansa, kafin kowa ya gani: ya ajiye rubutun ya huce, ya dawo ya karanta kamar ba shi ya yi ba, ya zubar da abin zubarwa. Ta biyu "edit". Abin mamaki, Turawa sun daɗe da kalmar "editor" kafin su yanko "edit" daga jikinta a ƙarshen ƙarni na 18, kuma tushenta na Latin yana nufin fitarwa, wato miƙa wa jama'a. Edita shi ne mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin marubuci da mai karatu. Shi ke da hurumin ya ce babin nan bai da amfani, tauraron nan bai da dalilin yin abin da ya yi, ƙarshen nan an yi shi da gaggawa. Bai damu da waƙafi ba tukuna, ginin gidan yake dubawa.

Ta uku "copy-edit". Mai wannan aiki shi ne ke bin rubutu layi-layi: nahawu, ƙa'idar rubutu, sunaye, shekaru, ranaku. Shi ne zai kama Kabirun da ya koma Kamalu, shi ne zai tambayi yadda matacciya ta karɓi lefe. Ta huɗu ita ce abin da yaron kwamfuta ya yi, wanda suke kira "layout" ko "format", wato tsara shafi. Ta biyar kuma ta ƙarshe "proofread". "Proof" a wurin masu ɗab'i shi ne bugun gwaji, 'yan shafukan da ake fitarwa kafin a saki inji. Mai karanta shi ba ya canza labari, ba ya canza salo. Kurakuran da suka kutso lokacin bugu kawai yake farauta: harafin da ya faɗi, layin da ya maimaitu, shafin da ya juye.

Akwai kuma wasu a gefe. "Correct" tushenta miƙar da abin da ya karkace, don haka ba a yin ta sai inda akwai daidai da kuskure a fili. "Amend" da "emend" uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga kalmar Latin mai nufin cire aibi, amma sun raba gida: ta farko an fi jin ta wajen gyaran doka da yarjejeniya, ta biyu kuma aikin masana ne idan suna gyara kuskuren da mai kwafe tsohon littafi ya yi. A ɓangaren jerawa akwai "arrange", wadda ta biyo ta Faransanci, asalinta sa mutane a sahu kamar sojoji, da "sort", wato ware kowane iri a haɗa shi da irinsa. Duk waɗannan, in ka tambayi ɗan industiri ko marubucin intanet, amsa ɗaya ce: editin.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai suna linzami ne kawai. Ga misali biyu daga can inda kalmomin suka fito.

A shekarar 1631 masu ɗab'in sarkin Ingila, Robert Barker da Martin Lucas, sun buga Baibul a Landan. A cikin dokokin nan goma, wajen da aka hana zina, sai 'yar kalmar korewa mai harafi uku ta faɗi. Hani ya koma umarni. Aka ci su tarar fam 300, aka ƙwace musu lasisi, aka bi kwafe-kwafen ana ƙonawa. Ba a rasa malamai a aikin ba, ba a rasa inji mai kyau ba. Mai duban ƙarshe ne ya yi gyangyaɗi.

Na biyu kuma a ɗaya ƙarshen aikin yake. Mawaƙin nan T. S. Eliot ya miƙa wa abokinsa Ezra Pound rubutun doguwar waƙarsa, The Waste Land, kafin ta fito a 1922. Pound ya sa biro ya zubar da kusan rabinta. Ba kuskuren rubutu ya gyara ba, baitoci lafiyayyu ya cire don sun yi wa waƙar nauyi. Abin da ya rage shi ne ake karantarwa a jami'o'in duniya har gobe. A 1971 matar Eliot ta buga hoton ainihin takardun, kowa ya ga inda biron ya bi. Ka ga aiki biyu ke nan da ba su yi kama da juna ba, ɗaya na neman harafi, ɗaya na rushe ɗaki. Mutumin da ya ce maka ya yi duka biyun a dare ɗaya, to bai yi ko ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka abin baƙo ne a wurinmu. Malamanmu na zaure sun san muƙabala, wato a ɗauko kwafi a gwada shi da asali kalma-kalma, inda aka sami tsallake a rubuta a gefen takarda. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya cewa ya gama sai ya kai wa 'yan'uwansa gwanaye sun bi shi wasali-wasali. A boko ma haka aka faro. Littattafan gasar 1933, su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sai da suka bi ta hannun Rupert East a ofishin talifi na Zariya. Magana Jari Ce ma a Zariya Imam ya zauna ya rubuta shi a 1936, East yana gefe yana dubawa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam ɗin ne ya zama edita, shi ma ya koma mai jan biro a kan rubutun wasu. Ana iya yin muhawara a kan irin abin da East ya so a rubuta da wanda bai so ba, kuma masana sun yi. Amma ɗauko tsohon bugun waɗannan littattafai ka nemi inda sunan tauraro ya canza a tsakiyar labari, ka ga ko za ka samu.

Da adabin kasuwar Kano ya taso a shekarun 1980, marubuta suka ƙwaci 'yancinsu daga kamfanonin ɗab'i, kuma wannan alheri ne babba. Ba don haka ba da ba mu ji muryar su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ɗaruruwan mata da matasa a lokacin da muka ji su ba. Sai dai garin tserewa daga mai gadin ƙofa, an tsere har da mai gyara. Marubuci ya zama shi ne mawallafi, shi ne edita, shi ne ɗan kasuwa. Yanzu da rubutu ya koma waya, a Wattpad da zaurukan WhatsApp, abin ya ƙara gaba: a rubuta shafi da daddare, a sake shi kafin asuba, masu karatu na ta kiran a ƙaro. Ko sake kallon farko, wanda ba ya cin ko kwabo, ba a samun sukunin yi.

Mu leƙa ɓangaren fim. A nan ma Turawa sun rarraba. Akwai "rough cut", haɗin farko da ake jera sina-sinai a ga yadda labarin ya tsaya. Akwai "final cut", yankan ƙarshe da ba a ƙara taɓawa. Akwai "continuity", aikin mai riƙe da littafi a lokeshin yana lura da cewa hular da jarumi ya shiga ɗaki da ita ita ce ya fito da ita. Akwai mai gyaran sauti, akwai mai daidaita launi. Lura da cewa kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce "cut", yanka. A wurinsu gwanintar edita tana cikin abin da ya zubar. Mu kuwa, tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa fina-finai masu dogon zango na YouTube, abin da muka fi ɗaukar edita da shi shi ne mai haɗawa. Shi ya sa za ka ga mota ta taso daga gida, a nuno ta tana fita get, a nuno ta a titi, a nuno ta a shataletale, a nuno ta tana fakin, direba ya fito ya rufe ƙofa ya gyara riga. Minti uku sun tafi, labari bai motsa ba. A da ana yin haka don kaset ya cika a samu na ɗaya da na biyu. Yanzu ana yi don sati ya cika. Dalilin ne ya canza riga, cutar tana nan.

Sai babbar rikitar, wadda ita ce ta fi damu na. Da muka tashi fassara "editing" a jerin sunayen ma'aikatan fim, sai muka ce tacewa: mai tace hoto, mai tace sauti. Da muka tashi fassara "censorship", nan ma muka ce tacewa: Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Alhali a Turanci ko hanya ba ta haɗa su ba. "Censor" sunan wani muƙami ne a tsohuwar daular Rum, jami'in da ke ƙidayar mutane da dukiyarsu yana kuma sa ido kan ɗabi'unsu. Daga tushe ɗaya suka fito da "census", ƙidayar jama'a. Mai wannan aiki tambayarsa ita ce, wannan abu ya halatta a nuna? Edita kuwa tambayarsa ita ce, wannan abu ya yi kyau, ya yi ma'ana?

Duk wanda ya kalli Sholay, kuma na san da wuya a sami mai karanta wannan mujalla da bai kalla ba, ya ga aikin mutanen nan biyu a fim ɗaya. Fim ɗin ya fito a 1975, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi. A yadda darakta Ramesh Sippy ya ɗauka, Thakur ne ke kashe Gabbar da ƙafafunsa. Hukumar tace fina-finan Indiya ta ce ba ta yarda tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa ba, dole aka sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda suka iso suka kama Gabbar. Wannan aikin hukuma ne, kuma sai a 2025 aka nuna gyararren kwafi mai ɗauke da ƙarshen na asali a wani bikin fina-finai a birnin Bologna na Italiya. Shi kuwa editan fim ɗin, M. S. Shinde, shi ne ya sa ka zauna fiye da awa uku ba ka duba agogo ba. Kuma a bikin Filmfare na 1976, duk girman Sholay, kyauta ɗaya tak ya samu, ita ce ta editin. Ba Amitabh ba, ba Dharmendra ba, ba Amjad Khan ba. Mai almakashi.

Da yake mu kalma ɗaya muke amfani da ita, sai furodusa ya fito daga hukuma da takardar shaida a hannu yana cewa an tace fim ɗinsa, hankalinsa kwance. E, an tace shi daga abin da doka ta hana. Amma ba aikin hukuma ba ne ta gaya maka sin na goma sha biyu ya yi tsawo, ko makirufo ya leƙo daga sama, ko jarumar da aka ce talaka ce tana riƙe da wayar da ta fi kuɗin hayar gidansu.

Kai, ita kanta kalmar "tace" ta sha wuya a hannunmu. Buɗe littafin da ka ga dama a waya, za ka tarar da ita sau ɗari: "tace masa", "tace mata". Ana nufin "ta ce", kalmomi biyu. Haka "yace", haka "kuma" a inda ake nufin "ku ma". Ga kuma ƙugiya da aka yi wa yaji: baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙarya ta zama karya, wanda in ba a yi sa'a ba zagi ne. Ba sabuwar doka ba ce. Haruffa masu ƙugiya suna cikin littattafanmu tun shekarun 1930, an zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk a kan daidaita rubutun nan. Wayoyin yanzu kuma suna da allon rubutun Hausa kyauta. Yaran da ke karanta littattafan nan sun fi ganin Hausa a rubuce a cikinsu fiye da a aji. Abin da muka rubuta shi za su ɗauka daidai, shi za su kai ɗakin jarrabawa.

Fassarar Turanci da ake sa wa a ƙasan fim kuwa, nan ne asirinmu ke tonuwa a gaban baƙi. Ita ce tagar da Bayarabe da Inyamuri da mutumin Gana ke leƙo mu ta ciki. Sau nawa ka ga an kira mace da "he", namiji da "she"? Sau nawa aka ɗauki karin magana aka juye ta kalma-kalma, ta fito ba kai ba gindi? Mai fassara daban ne, mai duba fassara daban ne, amma galibi yaron da ke gaban kwamfuta ne ake ce wa ya ƙarasa, tunda ai duk editin ne. A kashe miliyoyi a kan kyamara da motoci da gidan haya, a kasa ba malamin Turanci ɗaya kuɗin yini biyu ya karanta.

To ina mafita? Ba cewa nake mu haddace kalmomin Turawa ba. Hausa ba ta rasa nata ba, sai ma dai ta fi su, in muka koma tsakar gida. Dubi tafiyar gero daga zangarniya zuwa kofin koko. A yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a rege tsakuwa, a niƙa, sannan a tace. In gari ake so, a tankaɗe. Kowane mataki da sunansa, da kayan aikinsa, da dattin da yake cirewa. Babu macen da za ta sheƙe gero ta ce ta tace shi. Kuma babu wadda za ta fara da tacewa kafin surfe. Iyayenmu mata sun san abin da masu ɗab'in Landan suka sani: gyara hawa-hawa ne, kuma in ka tsallake ɗaya, haƙorin mai ci ne zai gaya maka.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim. Mu ba kowane aiki sunansa. Abin da marubuci ke yi da kansa, bita. Aikin mai duba ginin labari, gyaran zubi. Na mai bin layi-layi, daidaita rubutu. Na yaron kwamfuta, tsara shafi. Na ƙarshe, duban ƙarshe. A fim a bar wa edita tacewa, a kira aikin hukuma tantancewa in ana maganar aikin, ko da sunanta na doka bai canza ba. In wani yana da sunayen da suka fi waɗannan, bismilla, shafin wasiƙu a buɗe yake. Abin da ake so shi ne ranar da marubuciya za ta ce an yi mata gyara, a iya tambayar ta wanne, ta kuma iya amsawa.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, littafin da da ƙyar yake mayar da kuɗin bugu ba zai ɗauki ma'aikata biyar ba. Amma bita kyauta ce, haƙuri kawai take ci. Marubuta biyu za su iya musayar rubutu, ka duba nawa in duba naka. Ɗaliban sashen Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi suna nan birjik, da yawansu za su yi duban ƙarshe a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a sa sunansu a littafi. Abu ɗaya ne ba ya yiwuwa, shi ne mutum ya yi wa kansa duban ƙarshe, domin ido yana karanta abin da zuciya ta yi niyya ne, ba abin da hannu ya rubuta ba.

Su ma masu gyaran ga nasu kashedin, kada garin gyaran gira a rasa ido. Masu ɗab'in Turai suna da wata 'yar kalmar Latin, "stet", da ake rubutawa a gefen shafi idan mai gyara ya soke abin da bai kamata ya soke ba. Ma'anarta a bar shi yadda yake. In marubuci ya sa Basakkwace yana magana da Sakkwatanci, ko ɗan tasha yana magana irin ta tasha, ba kuskure ba ne, ba a kuma ɗauko ka don ka mayar da kowa Bakano mai digiri ba. Wanda bai san bambancin kuskure da salo ba, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Ita dai ƙanwar tawa ta ji haushi na, kwana biyu ba ta ɗaga wayata. A rana ta uku ta aiko a karɓar mata littafin da jan birona a jiki. Ta ɗaga fitowarsa da wata biyu. Kabiru ya ci gaba da zama Kabiru har shafin ƙarshe, marigayiya ta koma makwancinta, kanwarta ce ta karɓi lefen. Jimlar nan kuwa, ashe ba ta ya yi. Mukullin mota.